A Yanke Waya Ko A Nemo Adafta? Abin Dubawa Kafin A Cire Rediyon Mota A Damagaram

Ranar da ƙanena ya kawo Corolla ɗinsa ƙofar gidana a Sabon Gari, kwana uku ke nan sai an tura masa ita take tashi da safe. Batirin bai yi wata biyu da saye ba. Abu ɗaya tak ya canja a motar: an cire rediyon kamfani mai kaset, an sa masa sabo mai karɓar kati da Bluetooth. Da muka zaro rediyon, sai ga wayoyi a cukurkuɗe. An datse fish ɗin kamfani, wato soket ɗin wayoyin mota da ake sokawa a bayan rediyo, gaba ɗaya an yar. An murɗe jar waya da rawaya wuri guda, an jona su a wutar da ba ta ɗaukewa. Skoc ɗin da aka naɗe su da shi zafi ya narkar da danƙonsa, yana manne wa yatsa. Lasifikar baya ta hagu kuwa ko uffan. Yaron da ya yi aikin ba mugunta ya yi ba, abin da ya ga ana yi ya yi.

Hanyoyi uku ne a gaban duk mai son sauya sautin motarsa. Ko a yanke wayoyin kamfani a jona su da hannu, ko a nemo adafta wadda bakinta ɗaya ke shiga fish ɗin mota ɗayan kuma ya shiga sabon rediyo, ko a bar rediyon kamfani inda yake a gyara abin da ke kewaye da shi. Kowace tana da motar da ta dace da ita. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a nan garin kusan kullum almakashi ake fara ɗauka, tun ba a tambayi motar wace iri ce ba.

Tushen ruɗanin launi ne. Rediyoyin kasuwa, su Pioneer da Sony da Kenwood da JVC, kusan bakinsu ɗaya. Rawaya ita ce wutar batir ta dindindin, wadda ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja ita ce wutar kontak, sai an murza makulli take zuwa. Baƙa ita ce mas, wato jikin mota. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai farin zane ta tayar da amfili ce, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai ruwan lemo ta fitilun dare ce. Lasifikoki huɗu kowace da wayoyi biyu: fara gaba hagu, mai ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, wadda ke da baƙin zane a kowane biyun ita ce ta ragi. Wannan duk a ɓangaren rediyo ne. A ɓangaren mota kowane kamfani da nasa tsarin, ba ruwansa da na wani.

Ɗauki Toyota, tunda ita ta cika tashoshinmu. A yawancin na shekarun 1990 zuwa na bayan 2000 kaɗan, wutar dindindin shuɗiya ce mai rawayan zane, ta kontak ruwan toka ce, mas kuma ruwan ƙasa. Jar waya da baƙar waya suna nan a fish ɗin, amma duka biyun na lasifikokin baya ne: baƙa da rawaya na baya hagu, ja da fara na baya dama. Ka ga wanda ya ce ja da ja, baƙa da baƙa, rawaya da rawaya, ya jona wutar rediyo a lasifika ke nan, bai taɓa wutar mota ba ko ɗaya. A motocin Jamus ma mas ruwan ƙasa ce, kuma a zanensu lambobi suke amfani da su: 30 wutar batir, 15 ta kontak, 31 mas. Wani dattijon mai gyaran wayar mota da nake zama wurinsa a bakin Kasuwar Dole, in yaro ya ce masa "Baba, ai wannan ja ce", amsarsa ɗaya ce: "Ɗana, mita ta ce maka ja ce? Auna tukuna."

Yankewa tana da ranarta, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Ba ta jiran kaya daga Kano ko Yamai, a yini ɗaya an gama, kuɗinta kuma kuɗin hannu ne kawai. Motoci da yawa da suka zo ta Kwatano ko Lome sun wuce hannu uku ko huɗu kafin su iso Damagaram, an riga an datse fish ɗinsu tun a can. Irin wannan motar ba ta da wani zaɓi, jonawa da hannu dole ce. Amma akwai jonawa akwai jonawa. Murɗa waya a naɗe da skoc ba ya jure mana. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana haura digiri 40, balle bayan tablon motar da aka kulle a rana. Danƙon skoc ya saki, gargadar hanyar Tanut ko ta ƙauyukan Magariya ta girgiza murɗin, waya tsirara ta taɓa ƙarfe. In wayar wuta ce, fiyus ya ƙone, in da rabo. In ta lasifika ce, asarar ta fi haka.

Ga dalili. Rediyon zamani yana tura kowace lasifika ta wayoyinta biyu a lokaci guda, duka biyun da wuta a jikinsu. Wadda ake kira ta ragi ba mas ba ce, ko da baƙin zane a jikinta. In ta taɓa jikin mota, ko aka haɗa ta da ta wata lasifikar don tsimin waya, ƙwaƙwalwar sautin da ke cikin rediyon takan yi zafi ta kashe kanta, wani lokaci ta ƙone ɗungurungum. Wasu tsofaffin motoci na shekarun 1970 da farkon 1980 sun zo da lasifikokin da suka yi tarayya a waya ɗaya ta mas. Irin su sai an ja sababbin wayoyi bibbiyu zuwa kowace lasifika. Don haka in yankewar ta zama dole, ka tsaya a kan abu uku: a cire kan batir na ragi kafin a fara jonawa, a tabbatar da kowace waya da mitar auna wuta, a liƙe mahaɗa da dalma a sa mata robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi.

Adafta kuwa ita nake zaɓa wa mafi yawan motocin da ke yawo a garin nan, muddin fish ɗin kamfani na nan da ransa. Ana yin duk jone-jonen a kan tebur, tsakanin wayar sabon rediyo da adaftar, inda launi ke dacewa da launi. Sai a kawo a soka a mota. Ba a taɓa wayar kamfani ba, ranar da za ka sayar da motar ko rediyon ya mutu, zarewa kawai za ka yi. Toyota ta daɗe tana amfani da fish biyu, mai rami 10 da mai rami 6, tun wajen 1987, shi ya sa adaftarta ta fi sauƙin samu. Motocin Turai da yawa na shekarun 1990 suna da fish ɗin da ake kira ISO, mai gida biyu, kowane gida da gurbi takwas, ɗaya na wuta ɗaya na lasifika.

A wannan fish na ISO ne wani tarko yake, wanda ya sa mutane da dama suka mayar da rediyo mai lafiya wurin mai shago. A ƙa'ida rami na 4 shi ne wutar dindindin, na 7 ta kontak, na 8 mas. Volkswagen da Audi da Opel da wasu Peugeot sun juya na 4 da na 7. Ka soka, rediyo ya kama lafiya lau, ka kashe mota ka dawo ka tarar ya manta agogo ya manta tashoshi. Maganin bai kai minti ɗaya ba: yawancin wayoyin ISO suna da 'yar mahaɗa a tsakiyar ja da rawaya, an yi ta musamman don a zare a musanya su. Wanda bai san wannan ba shi ne ke murɗe ja da rawaya wuri ɗaya, kamar yadda aka yi wa ƙanena. Rediyon ya daina mantuwa, gaskiya ne, amma ya daina barci. A ce yana jan rabin amfa a tsaye: a yini da kwana ya sha amfa 12 daga batirin da duka-duka 60 yake ɗauka. Mota ta kwana biyu ko uku ba a tayar ba, sai turi. Lafiyayyar mota in an kulle ta bai kamata jan wutarta ya wuce kimanin miliamfa 50 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na rabin amfan nan.

Adafta ma tana da iyaka. Akwai masu arha da wayarsu siririya ce, ko alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka san abin da ka saya. Babbar iyakar kuma ita ce adafta ba ta haifar da wayar da mota ba ta zo da ita ba.

Nan ne motocin da aka ƙera daga wajen 2004 ke shigowa, musamman na Turai. Peugeot 407, da 307 daga 2005, da Golf 5, duk ba su da wayar kontak a bayan rediyo. Kwamfutar mota ce ke aika wa rediyo saƙo ta wasu siraran wayoyi biyu a murɗe, tsarin da ake kira CAN, ta ce masa tashi ko kwanta, ta gaya masa an kunna fitila, ta isar masa da maɓallan sitiyari. Ka auna da mita har ka gaji, ba za ka sami wutar da ke zuwa da makulli ba. Hanya biyu ce. Ko a sayi adafta mai ɗan akwatin CAN wanda ke fassara saƙon ya fitar da wutar kontak, ko a jawo wutar daga akwatin fiyus ko ramin cajin waya. Ta biyun ta fi arha kuma tana kunnawa tana kashewa, amma ka yi bankwana da maɓallan sitiyari, wani lokaci har da saita agogon allon tablo. Yankewa da ka a irin wannan motar ita ce mafi haɗari, don wayoyin nan biyu suna magana da sauran kwamfutocin motar. Kada a soka musu fitilar gwaji mai ƙwai, mita kaɗai. Duk waya ko fish mai rawayar riga da ka gani a ƙarƙashin tablo kuma, ta jakar iska ce, ba a taɓa ta ba a gwada ta.

Motocin da aka shigo da su daga Amurka da nasu salon. In ka ga an rubuta JBL a ƙofa ko a fuskar rediyon Camry, Avalon, Highlander ko Sienna, to akwai amfilin kamfani a ɓoye, ƙarƙashin kujera ko bayan tablo ko cikin but. Wayoyin da ke bayan rediyo ba lasifika suke zuwa kai tsaye ba, amfilin suke zuwa. Alamar ita ce sabon rediyo ya kawo haske, waƙa na tafiya a allo, mota shiru. A tsofaffin, bai wa amfilin wutar tashi ta shuɗiya mai farin zane yakan wadatar, tare da adaftar da ta dace. A kula, mai farin zanen, ba shuɗiya zalla ba. A rediyoyi da yawa shuɗiya zalla tana ba da wuta ne kawai in ana jin tashar rediyo, shi ya sa za ka ji labarai raɗau, ka koma kan kati sauti ya ɗauke. A sababbin kuma amfilin saƙon kwamfuta yake jira, sai da akwatinsa na musamman. Wasu sukan tsallake amfilin su ja waya kai tsaye zuwa ƙofofi. Yana yiwuwa, amma lasifikokin irin wannan tsarin sau da yawa om 2 ne (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta), rediyon kasuwa kuma om 4 aka gina shi a kai. Wanda ya tsallake amfili ya shirya sauya lasifikokin ma.

Eriya ma tana da nata. A Volkswagen da Opel da wasu motocin Faransa akwai ɗan amfili a gindin eriyar, wanda rediyon kamfani ke ciyarwa da bolt 12 ta cikin wayar eriyar kanta. Sabon rediyo ba ya yin haka. A cikin gari ba za ka lura ba, sai ka kama hanyar Mirriya ko Matamai ka ji tasha ta fara shuuu tun ba a yi nisa ba. Akwai 'yar adaftar eriya mai shuɗiyar waya da ke maido da wannan wutar.

To me zai hana a bar rediyon kamfani kawai? Ga motar da ke da CAN ko amfilin kamfani, wannan ce hanyar da na fi natsuwa da ita, in dai rediyon na da lafiya. Abin da yawancinmu ke nema Bluetooth ne da kati, don karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙa a doguwar tafiya. Ƙaramar na'urar da ake sokawa a ramin caji, mai aika sauti ta zangon FM, ba ta taɓa waya ko ɗaya, sai dai sautinta bai kai na waya tsabta ba. Wadda ta fi ta ita ce adaftar da ke shiga ramin canjin faifai a bayan rediyon, sautinta garau. Inda wannan hanyar ta gaza shi ne zango. Rediyon da aka yi wa kasuwar Japan yana kama 76 zuwa 90 ne, sababbi zuwa 95, alhali tashoshinmu suna tsakanin 87.5 da 108. Na Amurka kuma yana tsalle ne a kan lambobin mara, 88.1, 88.3, 88.5, don haka tashar da ke kan lambar cika ba zai zauna a kanta daidai ba. Mai irin wannan rediyon da ke son labarai yana da hujjar cirewa.

Lasifika ita ce mutane ke raina wa, alhali sau da yawa ita ce ta gaji ba rediyon ba. Takarda ce da soso, shekara ashirin ta sha zafi da ƙurar hunturu. Girmanta abu ne mai sauƙin aunawa, santimita 10, 13 ko 16 da rabi a ƙofa, sai a duba zurfinta kada maganaɗisun ya tare gilashi in an sauke. Na Toyota da yawa an kafe su da ribit uku, sai an huda an sa zoben da sabuwar za ta zauna. Wahalar tana wurin waya. In aka juya ƙari da ragi a lasifika ɗaya, ba abin da zai ƙone, amma ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai kaurin sauti ya ɓace, kiɗa ya zama fayau. Gwajin dattijon nan shi ne ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5: a taɓa wayoyin biyu da shi na ɗan lokaci, in takardar ta turo waje, wayar da ke taɓa kan batirin na ƙari ita ce ta ƙari. Da wannan kuma ake gane wace waya ce ta wace ƙofa, ta ƙarar ɗas da za a ji. Ba a yi wa tuwita wannan gwajin, wato 'yar ƙaramar nan mai siririyar murya.

Tuwitar ma da sirrinta. A Toyota da dama, wayar da ta fito daga rediyo tana fara biyawa ta fish ɗin tuwitar da ke kan tablo, daga nan ta wuce ƙofa. Ka cire tuwitar don ta fashe, sai lasifikar ƙofa ta yi shiru, ka ɗauka sabuwar da ka saya ce ba ta da kyau. Sai an haɗa wayoyin a fish ɗin, mai shiga da mai fita. Sabuwar tuwita kuma ba a jona ta ba tare da ɗan kondansan da ke tare mata kaurin sauti ba, in ba haka ba kwananta kaɗan ne.

Ina roƙon direbobin tasi da na Hiace a kan abu ɗaya. Ƙara lasifika biyu a kan waya ɗaya ba ya ninka daɗi. Lasifika biyu masu om 4 da aka jona gefe da gefe sun koma om 2, rediyo ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi a cikin zafin da dama yake ciki. Rubutun wat 50 sau 4 da ke jikin kwali ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido, ƙarfin gaske na kowace ƙofa yana tsakanin 14 da 22. Mai son ƙara da gaske amfili zai sa, da wayar wuta mai kauri daga batir, da fiyus dab da batirin, ba can kusa da amfilin ba. Masu Coaster da manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser kuma su auna wutarsu tukuna, don bolt 24 ne da yawansu, wato batir biyu a haɗe. Jan bolt 12 daga batir ɗaya cikin biyun yana cinye shi ya bar ɗan'uwansa, ƙarshe duka biyun su lalace. Na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12 ita ce daidai.

Rediyo mai allon Android bai sauya komai a cikin abin da na faɗa ba, ƙari ya yi: wayar ribas don kyamara, wayar birkin hannu, wayoyin maɓallan sitiyari. Nasa matsalar zafi ne, da yanayin barcin da yake yi don ya tashi da sauri, wanda ke ci gaba da lasar batir. In motarka takan yi kwanaki a ajiye, a shiga saitinsa a sa ya riƙa mutuwa gaba ɗaya. Ramin Toyota kuma ya fi na ƙa'ida faɗi, kusan milimita 200 ne maimakon 180, sai da 'yan robobin cike gefe.

In za ka tambaye ni kai tsaye, ga yadda zan raba. Corolla, Carina, Starlet, Hiace ko Hilux mai fish biyu ba amfili: adafta, ko da za ka jira mai zuwa Kano ya taho maka da ita. Tsohuwar motar Turai mai fish ɗin ISO: adafta, a duba ja da rawaya. Mai CAN ko JBL: bar rediyon kamfani ka ƙara masa Bluetooth, sai in kana da kuɗin akwatin da ya dace da ainihin ƙirar motar da shekararta. Wadda aka riga aka datse: dalma da mita, a hannun wanda ba ya gaggawa.

Kafin a mayar da fuskar tablo, kafin ka biya, zauna a kujerar direba. Ajiye tasha ɗaya, kashe mota, zare makulli, rediyon ya mutu. Kunna, tashar tana nan. Tura sauti gaba hagu, gaba dama, baya hagu, baya dama, kowace ta amsa daga inda aka kira ta. Kunna fitilun dare ka ga ko wani fiyus zai tafi. Gwada kati bayan tashar rediyo. Sauke gilasai huɗun har ƙasa. Kuma kada a murza makulli alhali fish ɗin fitilar jakar iska da ke jikin fuskar tablo yana zare, don a wasu motocin fitilar gargaɗi za ta kama ta ƙi mutuwa sai an sa kwamfuta.

Motar ƙanena mun samo mata fish daga wata Corolla da aka farke a wurin masu tsofaffin kaya, dattijon ya liƙa shi waya bayan waya da dalma, ya raba ja da rawaya, sannan aka soka adafta a kai. Lasifikar bayan da ta yi shiru, baƙar wayarta aka tarar an ɗaure a ƙarfen tablo a matsayin mas.